Yadda Ake Kai Ƙwai Filin Lilo a Dawo da Shi Bai Fashe Ba

Ku gafarce ni. Na san ba ni ce ya kamata in rubuta wannan ba. Shekarata goma sha shida, ban taɓa goyon ɗan kaina ba, ban kuma taɓa rubuta abin da ya fi amsar jarrabawa tsawo ba. Ko a aji, in malama ta ce wadda ta sani ta ɗaga hannu, nawa a cikin hijabi yake tsayawa. Sunana Ni'imatullahi Labbo, a nan Isa nake. Na duba duk littattafan da ke cikin kabad ɗin makarantarmu, har da wanda gara ta ci rabinsa, ban ga inda aka yi wa iyaye bayanin wannan lamari ba, shi ya sa na yi karambani. In kin ga kuskure, ki yi kamar ba ki gani ba.

To, ke uwa, da ke nake. In Allah ya ba ki ɗiya mai raunin jiki, aka kuma wayi gari an kafa lilo a garinku da Sallah, ta ji ƙarar injin daga cikin gida ta ƙi cin tuwo, ga hanya. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari za ki kai ta ki dawo da ita garau. An gwada hanyar sau ɗaya, ta yi aiki sau ɗaya, wanda a lissafi ɗari bisa ɗari ke nan.

A kan ƙanwata Bilkisu aka gwada. Shekararta shida. Ƙashinta ba shi da ƙwari, haka aka haife ta. Sau biyar tana karyewa: biyu a faɗuwa, ɗaya wajen saukowa daga gado, ɗaya ranar da wata gwaggonmu ta rungume ta don murna, ɗaya kuma har yau ba mu san dalili ba. Likita a Sakkwato ya faɗi sunan ciwon, ya fi sunana tsawo, sannan ya ce a riƙa riƙe ta kamar ƙwai. Kakarmu kalmar ƙarshen kaɗai ta ɗauko ta taho da ita gida. Tun daga ranar, Ƙwai ake ce mata. Ƙwai ta tashi, Ƙwai ta ci abinci, a kauce ga Ƙwai nan tafe. Ki riƙe wannan a ranki, za ki buƙace shi a gaba.

Mataki na ɗaya: Ki nemi izini wurin wanda bai iya cewa a'a ba

Kar ki fara da kaka. Kaka don ta ce a'a aka ajiye ta a gida. Ki fara da uban, kuma ki bar yarinyar ta yi maganar da bakinta, tana tsaye kusa da shi yana aiki, ba kuka, kallo kawai.

Babanmu tela ne. Shekara huɗu lilo bai zo Isa ba saboda halin da hanya take ciki, sai bana wani mutum mai suna Is'haƙa ya ƙetaro da nasa daga Nijar a bayan mota, ya kafa a filin bayan tasha na kwana ukun Babbar Sallah. A daidai lokacin kuma ana wata gardama a gidanmu. Inna tana son a sa Bilkisu aji ɗaya in an shiga sabuwar shekarar karatu. Kaka ta ce makaranta wuri ne da yara ɗari ke gudu ba wanda ke duban gabansa. Baba yana tsakiya, duk wadda ta yi masa magana sai ya ƙara taka keke.

Bilkisu ce ta haɗa zancen biyu wuri ɗaya. Ta ce, "Baba, in na tahi lilo na dawo ban karye ba, ai makaranta ba ta kai lilo ba."

Keken ya tsaya. Baba ya daɗe yana neman zare a cikin allurar da zarenta bai fita ba, sannan ya ce to. Kaka, wadda ba ta jin kiran abinci sai an maimaita sau uku, ta ji wannan to ɗin daga ɗakinta. Ta fito ta dafa ƙofa ta ce, "Na ji. Amma in kunka maido min ita da ko ɗan yatsa a karye, ba lilo ba makaranta, ba ta ƙara ƙetare zauren ga."

Kin ga ke nan ba wasa za ki ba. Jarrabawar shiga firamare za ki, a gaban injin niƙan da ke juya lilo.

Mataki na biyu: Ki naɗe ta

Baba ya ɗinka mata rigar Sallah ruwan ɗorawa, da ƙananan furanni a wuya, kwana biyu yana kansu. Ki sa mata irin wannan rigar tukuna, don hankalinki ya kwanta cewa an yi Sallah. Sai ki ɗora rigar sanyi biyu. Ki naɗa zani a kowace gwiwa. Filo a gaba, filo a baya, ki ɗaure da majanyi. A sama ki zura mata babban hijabin yayarta.

In kin gama ki ja da baya ki duba. In har ana gane ina ne gaba ina ne baya, ba ki gama ba.

Za ta ce zafi take ji. Ki ce zafi ba ya karya ƙashi. Za ta tambaya wa zai ga rigar. Inna cewa ta yi Allah na gani. Baba ya fito ya dube ta, ya dubi inda ya kamata a ce furannin suke, ya ce yana da ɗinkin da bai ƙarasa ba, ya tafi shago. Rana ta biyu ga Sallah ke nan, ranar da babu mai ɗinki a duk ƙasar Gobir.

Mataki na uku: Kar ki kuskura ki ce ba ta da lafiya

Wannan shi ne kuskuren da sababbin shiga ke yi. Mun gwada a kasuwa mako guda kafin Sallah. Inna ta ce a ba da hanya, yarinya ba ta da lafiya. Nan take mutum goma sha suka matso su ga abin da ke damunta. Wata ta shafa kanta. Wata ta kama hannunta tana murzawa ta ji inda ciwon yake. Wani dattijo ya tsugunna ya yi mata tofi, ya tashi ya kusa faɗa mata. Wani kuma ya ce ya san maɗori a Alkalawa wanda ko tukunya ce ta fashe yana ɗora ta. Da ƙyar muka fita.

Masana sun tabbatar, wato ni da Inna, cewa tausayi ya fi turereniya haɗari, don mai turereniya wucewa yake yi, mai tausayi tsayawa yake.

Muna haki a gindin rumfa sai ga wata Bafillatana da ƙwaryar ƙwan zabi a kai, ta ratsa tsakiyar kasuwar ba ta ce wa kowa uffan ba. Mutane suna darewa gabanta kamar an ja musu layi. Har mai kura da lodin siminti ya ja birki. Inna ta bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ta juyo ta dube ni, irin kallon da ke sa in fara neman abin da na yi.

Mataki na huɗu: Ki samo ƙwarya da mai ɗaukarta

Damina ce, zabi na zuba ƙwai. Kawu Badaru, ƙanen Inna, ya kawo mana cike da ƙwarya daga Kamarawa a matsayin barka da Sallah, bai san kayan yaƙi ya kawo ba. Ranar Sallah kowa sabuwar shadda ke jikinsa, kuma babu abin da mai sabuwar shadda ke tsoro kamar ɗanyen ƙwai.

Ga yadda za ki tsara tafiyar. Namiji mai faɗin kafaɗa a gaba, hannuwa a buɗe. Wannan Kawu ne. Ke a tsakiya, riƙe da wuyan hannun yarinyar da yatsa biyu, ba matsi ba saki, irin riƙon da Inna ta yi shekara shida tana koya. A gefe kuma mai ƙwarya.

Mai ƙwaryar ki zaɓi wadda jikinta ke rawa in ta ga mutane. Duk yadda ƙwaryar ta fi karkarwa, haka hanya ta fi buɗewa. Ba sai na gaya miki wa aka zaɓa ba.

Mataki na biyar: Ki tabbatar kowa ya san ɗanye ne

Ban yi tunanin wannan ba, Inna ma ba ta yi ba. A kasuwa ƙwan da ke kan Bafillatana ɗanye ne, kowa ya sani. A filin wasa kuwa, yarinya da ƙwaryar ƙwai a kai ma'anarta ɗaya ce: dafaffe ne, akwai yaji a leda.

Muna shiga filin aka yanyame ni. Mai ƙwai, zo nan. Mai ƙwai, ina yajin. Yara suna ɗage suna miƙa hannu cikin ƙwaryar, manya suna kira daga nesa, kuma duk wannan a daidai inda Bilkisu take tsaye tana zufa cikin filo. Na so in ce ba na sayarwa ba ne, amma abin da ya fito daga bakina ko ni ban ji ba.

Inna ta ce in jefar da ɗaya a ƙasa kowa ya gani. Na jefar. Ya faɗi a yashi, ya gangara, ya tsaya lafiya lau. Na sake jefa wani, shi ma haka. Ƙwan zabo ɓawonsa tauri gare shi, wannan kowace 'yar ƙauye ta sani, ni kuwa duk karatuna babu littafin da ya faɗa min. Wani yaro ya ce ai ga shi nan, dafaffe ne.

Kawu Badaru ne ya cece mu. Ya ɗaga ƙafa ya take ƙwan da dunduniyar takalminsa. Gwaiduwar ta yi tsalle ta sauka a gaban farar shaddar wani bawan Allah da ke cin rake, wanda bai san da mu ba ma. Ba za ni rubuta abin da ya faɗa ba. Amma ya faɗe shi da ƙarfi, kuma ya ambaci ɗanyen ƙwai a ciki sau uku, daga nan labari ya riga mu isa ko'ina. Hanya ta buɗe mana har gindin lilo. Na ga wata mata ta ɗauke ɗanta ta rungume, tana kallona kamar kurar daji nake ja.

Mataki na shida: Ki yi wa mai lilo bayani da cikakkiyar jimla

Bari in kwatanta miki lilon. Ƙarfe ne dogo a tsaye, kujeru takwas na rataye a jikinsa da sarƙa, injin niƙa na juya shi da bel. Gudunsa iri biyu ne: a tsaye, da innalillahi. In ana son tsakatsaki sai an kashe injin, mai lilon ya tura da hannu. Wannan alfarmar muka zo nema.

Is'haƙa dogo ne, da auduga a kunnuwansa saboda ƙarar injin. Inna ta matsa kusa ta ɗaga murya ta ce, "Malam, Ƙwai munka kawo ma. Ba a son girgiza. Ko kaɗan anka buga, shi ke nan."

Ya dubi Inna. Ya dubi ƙwaryar da ke kaina. Bilkisu tana bayan Inna, kuma ko ya gan ta, abin da zai gani ƙunshin kayan wanki ne. Daga baya ya gaya wa Kawu cewa a wannan sana'ar ya daina tambayar mutane dalili, don an taɓa kawo masa rago ya hau. Ya kashe injin, ya ce dusuman za a yi, wato a hankali, sannan ya miƙo hannu ya sauke ƙwaryar daga kaina.

A nan ne laifina yake. Na san ba abin da ake nufi ba ke nan. Amma babban mutum ne ya miƙo hannu, ni kuma ban taɓa ce wa babba a'a ba. Inna ta juya tana rarrashin iyayen da ke layi don an kashe inji. Kawu yana can yana ba mai shadda haƙuri karo na huɗu. Is'haƙa ya ɗora ƙwaryar a kujera, ya ɗaure ta da igiya, ya fara turawa a hankali, yana tafiya a kan yatsun ƙafa.

Nan take kowa ya ruga ya ga ƙwai a kan lilo. Tunda ƙwaryar ta bar kaina, babu sauran mai tsoronmu. Aka ture ni, aka ture Inna, ta saki abin da ke hannunta na ƙiftawar ido don ta tare wani ƙato da jikinta. Da ta mayar da yatsunta biyu, ba kowa a wurin.

Mataki na bakwai: In ta ɓace, kar ki nemi abin da kika naɗe

Ban san yadda ake rubuta wannan matakin da raha ba, don haka za ni faɗe shi yadda ya faru.

Filo muka fara gani a ƙasa, da sawun takalma a kansa. Gaba kaɗan majanyin. Gaba kaɗan hijabina, an tattake shi cikin yashi. Inna ta durƙusa ta ɗaga shi a hankali da hannu biyu, kamar akwai wani abu a ƙarƙashi. Babu.

Muka bi filin muna dube-dube. Yanzu na gane abin da muka yi: yarinya zagayayya muke nema, mai tafiya kamar agwagwa. Duk wata siririya da muka gani, idonmu wucewa yake yi.

Kawu ya fizgi lasifikar da Is'haƙa ke kiran yara da ita, ya ce jama'a Ƙwai ta ɓace, duk wanda ya ga Ƙwai ya taimaka don Allah. Mutum ɗari suka nuna masa lilo da yatsa. Wani ya ce ga shi can yana shan iska. Aka yi dariya. Kawu ya sake faɗi, aka sake dariya, har wata ta ce wannan wasan ya fi lilon daɗi. Duk wanda ya yi aji uku ya san ƙwai namiji ne, kuma Kawu ta ɓace ya ce, ba ya ɓace ba, amma ba a zuwa filin Sallah don nahawu.

Mataki na takwas: Ki tuna sunan da aka yanka mata rago da shi

Ni na karɓi lasifikar. Ban san lokacin da na yi ba. Na ce, "Bilkisu Labbo." Muryata ta fita ta zagaya filin ta dawo min, ban gane ta ba. Na sake cewa, "Bilkisu Labbo, in kina jina, ki ɗaga hannu."

Bilkisu uku suka ɗaga hannu. Biyu ba namu ba ne.

Ta ukun tana cikin layin hawa lilo, taku goma daga inda muke, wurin da muka wuce sau biyu. Siririya, ta tuɓe duk naɗin da muka yi mata, tana cikin riga ruwan ɗorawa mai furanni a wuya. Tana tsakanin wasu 'yammata biyu da suka girme ta, ta gaya musu da bakinta cewa ƙashinta ba ya son turi, su kuma suka sa ta a tsakiya, duk wanda ya matso su harare shi. Ba su shafa kanta ba, ba su yi mata tofi ba.

Inna ta isa gare ta da rarrafe kusan. Ta tambaye ta ba ta ji ana kiranta ba tun ɗazu. Bilkisu ta ce ta ji ana kiran ƙwai, kuma ga shi can an same shi. Inna ta ce ta zo a kai ta gaba, an yi wa mai lilo magana. Ta ce a'a, saura mutum huɗu a gabanta, za ta jira kamar kowa.

Ki bar ta ta jira. Mu ma mun jira. Ita ce jira mafi tsawo da na taɓa yi, kuma na taɓa jiran sakamakon lissafi.

Mataki na tara: Ki saki hannun

Da Is'haƙa ya gane wace ce Ƙwai, ya cire audugar kunnensa ya ba Inna haƙuri, ya sauke ƙwaryar ya ajiye a gefe, ya shimfiɗa rawaninsa a kujerar. Ya ce wa sauran yara bakwai wannan zagayen na hannu ne, wanda ba ya so ya sauka. Suka yi gunaguni, ba wanda ya sauka.

Ya fara turawa. Inna tana bin kujerar a ƙasa, yatsa biyu a wuyan hannun Bilkisu. Zagaye ɗaya. Zagaye biyu. A na uku Bilkisu ta sunkuyo ta ce, "Inna, wanga ba lilo ba ne. Rakiya ce."

Inna ta ƙara taku uku. A na huɗu ta tsaya, kujerar ta wuce.

Is'haƙa ya tambayi Inna wane irin gudu. Ta ce kamar jaki da kaya. Ya tura kamar jaki da kaya. Bilkisu ta ce a ƙara. Ya dubi Inna, Inna ta rufe ido ta gyaɗa kai, ya koma kamar jakin da ya hango gida. Sarƙar ta ɗan buɗe, iska ta shiga rigar, furannin Baba suka fito kowa ya gani. Tana dariya irin wadda ban san tana da ita ba, da baki a buɗe, har ana ganin giɓinta. Inna tana tsaye, hannunta a sama, yatsun biyu a lanƙwashe yadda suka saba, babu komi a tsakaninsu.

Abin lura: kar ki bari wani ya bi kujerar da filo a guje don ya tare ta in ta faɗo. Kawu Badaru ya yi zagaye biyar yana kallon sama. A na shida jiri ya kwashe shi, ƙafarsa ta harɗe da bel, ya tafi da ƙwaryar gaba ɗaya. Shi aka kai wurin maɗori a ranar, da targaɗe a idon sawu. Ƙwan da ya zauna a kai ya fashe. Wanda ya watse a yashi kuwa, yawancinsa ko tsagewa bai yi ba. Bilkisu ta sauka da ƙafarta, ta tsinci guda ta riƙe.

Mataki na goma: Ki kai ta a duba

Kafin la'asar muna gida. Kaka ta zaunar da ita a tabarma ta bi ta gaɓa-gaɓa, yatsu, gwiwar hannu, haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. A gwiwar hagu ta tsaya. Akwai 'yar ƙujewa, inda ta goga da kujera wajen sauka, ba ta kai faɗin farce ba. Kaka ta ce wannan fa. Bilkisu ta dubi ƙujewar kamar an ba ta lambar yabo, don ita ce ciwo na farko da ta samo da kanta wajen wasa.

Aka aika a kira Baba. Ya zo ya duba ya ce karaya aka ce, wannan kuma ƙujewa ce. Kaka ta ce yau ƙujewa, gobe fa. Duk mun san tana da gaskiya.

Sai Bilkisu ta buɗe hannunta ta miƙa mata ƙwan. Ta ce, "Kaka, wanga ya hau lilo, ya faɗi ƙasa, bai fashe ba. In ni ƙwai ce, na zabo ce."

Kaka ta karɓa. Ta juya shi. Ta ƙwanƙwasa shi a haƙorinta na gaba yadda ake gwada ƙwai mai ƙwari, ta saurara. Sannan ta ce a dafa mata shi, kuma in za a kai yarinya makarantar a nema mata benci na jikin bango.

Da aka aike ni rufe shago da yamma, na tarar da yadin makaranta a kan tebur, an riga an yanka, an fara haɗa kafaɗa. Na tambayi Baba na wane ne. Ya ce na wani ne. Na auna da tafin hannuna. Wanin nan tsawonsu ɗaya da Bilkisu.

Ba ruwana

Ni ba likita ba ce. Da Inna ta ba likitan Sakkwato labari ya dafe kai, don haka ki tambayi naki kafin ki tambaye ni. In kin yi amfani da ƙwan kaza, ke kika jawo. In mai lilonku ba ya kashe inji, ki koma gida. In an ɓata wa wani shadda, ban san ki ba. In kawunku ya gurɗe, dama an gaya masa. Ban kuma ce ɗiyarki ba za ta ƙara karyewa ba. Tamu ma tana iya karyewa gobe, mun sani, ita ma ta sani.

Wannan sakin layin na ƙarshe a bayan tagar aji ɗaya nake rubuta shi, littafin a kan gwiwata. Yau aka koma makaranta. Inna ta ce in raka ta, ta kuma ɗora min ƙwarya, wai ko za a buƙata a bakin ƙofa. Bilkisu ta ce in na shiga da ƙwaryar ba ta san ni ba, shi ya sa na zagayo nan. Malamar tana kiran suna. Ta kira Amiru, ta kira Binta, yanzu ta ce Bilkisu Labbo, na ji an ce na'am daga jikin bango, da ƙarfi, har wani ya ce ai ba kurma ba ce malamar.

Ba ta waiwayo taga ba. Ni ma na makara a tawa makarantar, ga ƙwarya ban san inda za ni kai ta ba. Bari in bi ta bayan dalbejiya kafin a fito tara wani ya ce mai ƙwai, zo nan.